Rumbunan Bayanai na Shekarar Nazarin Doron Ƙasa

Girgizar ƙasa da maganaɗisun duniya ba su san iyakar ƙasashe ba. Abin da manazarci ya auna a wuri guda guntu ne, ba ya ba da ma'ana sai an haɗa shi da na sauran wurare. Wannan ne ya sa masana daga ƙasashe 67 suka yi aikin gayya daga 1 ga Yuli 1957 zuwa ƙarshen Disamba 1958, wanda aka laƙaba wa suna Shekarar Nazarin Doron Ƙasa, ko da yake wata 18 aka yi ana yinsa.

Galibi akan tuna da shekarar saboda kumbon Sputnik da Tarayyar Sobiyat ta harba a 1957. A nawa ganin, rumbunan da aka kafa sun fi kumbon muhimmanci. An taɓa yin irin wannan gayya a 1932 zuwa 1933 don nazarin ƙuryoyin duniya masu ƙanƙara, amma yaƙin duniya na biyu ya salwantar da wani kaso na sakamakon. Gudun maimaita haka, sai aka raba ajiyar gida uku: Amurka, da Tarayyar Sobiyat, na uku kuwa tsakanin Yammacin Turai da Japan da Ostareliya. Kowane rumbu na riƙe da kwafen abin da ke sauran, kuma duk manazarcin da ya nema za a ba shi, ladan juya kawai zai biya. Wato ke nan ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka da Sobiyat na musayar alƙaluma. Tsarin ya ɗore har 2008, lokacin da aka sake masa fasali.