YININ ƊAN FIRAMARE A GIDAN DARE, SAKKWATO: NAZARI A KAN HARSHEN KOYARWA

1.0 Gabatarwa

A tarurruka irin wannan mun saba tattauna batun harshen koyarwa daga sama, watau daga abin da manufofin gwamnati suka tanada. A wannan takarda muna so mu faro daga ƙasa. Za mu bi yaro ɗan ƙaramin aji a makarantar firamare ta gwamnati a unguwar Gidan Dare cikin birnin Sakkwato, tun daga fitowarsa da safe har komawarsa gida, mu ga da wane harshe ake yi masa magana a kowane zango, da wane kuma yake amsawa. Yaron nan misali ne kurum na dubban takwarorinsa. Abin da muke son nunawa shi ne, a yini guda yana ratsa Larabci da Ingilishi da Daidaitacciyar Hausa da Sakkwatanci, kuma karatu ya fi zauna masa a inda malami ya ɗauki harshen da ya zo da shi daga gida ya yi tsani da shi.

2.0 Waiwaye

Koyarwa da harshen jama'a ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun yi rubuce-rubucensu na ilmi da Larabci, amma da suka so saƙo ya kai ga talakawa sai suka yi wa'azi da waƙoƙi cikin Hausa da Fulatanci. Nana Asma'u (1793-1864) ta bi wannan hanya wajen karantar da mata ta hannun jajis da 'yan taru. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, makarantar boko da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ita ma da Hausa ta fara koyarwa, haka kuma makarantun elementare na En'e da suka biyo baya.

Yawaitar 'yan makaranta ta zo ne da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, U.P.E., a 1976. A nan Sakkwato ne kuma Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da magajinsa, U.B.E., ran 30 ga Satumba, 1999, aka yi masa doka a 2004. Waɗannan shirye-shirye sun buɗe ƙofar aji ga 'ya'yan talakawa, waɗanda akasarinsu ba su jin Ingilishi a gida ko a unguwa.

3.0 Yadda yinin yake tafiya

3.1 Makarantar allo. Yara da yawa a birnin ba da boko suke buɗe yini ba. Daga Asabar zuwa Laraba, wasu bayan sallar asuba, wasu da la'asar, sukan zauna gaban malamin allo. Abin lura a nan shi ne dabarar malamin. Nassin Larabci ne, amma sunayen da yake kiran baƙaƙe da su na Hausa ne, masu bayyana siffar harafi, kamar ambaki da ba-guje da mim-jaye da ha-kuri. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa su. Ashe ke nan tun kafin ya taka aji ya san cewa alama a kan allo tana da sauti, kuma da Hausa aka sanar da shi.

3.2 Taron safe. Kafin ƙarfe takwas yara sun hallara, an yi shara, an kaɗa ƙararrawa, wadda sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a icce. A kan layi akan yi addu'a da Larabci, a rera taken ƙasa, a karanta alkawarin biyayya ga ƙasa da Ingilishi, a duba farce da tufafi. Ɗan aji ɗaya yakan rera taken da ƙarfinsa, alhali kuwa bai san ma'anar ko kalma guda ba. Amma idan hedimasta yana da sanarwar da yake so ta kai gida, kamar ranar hutu ko taron iyaye da malamai, sai ya juya Hausa. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan harshen da kowa ya san yara suna ji.

3.3 Cikin aji. Bayan kiran rajista sai darasi. Littafin lissafi da na kimiyya da Ingilishi aka rubuta su. Malami yakan rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su maimaita baki ɗaya, sa'an nan ya fassara da Hausa, daga ƙarshe su kwafa a littattafansu. Idan aji ya cika maƙil, wasu a benci wasu a tabarma, amshin baki ɗaya yakan rufe wa malami ido: murya ta tashi, sai ya zaci kowa ya gane. A nan ne ake samun yaro mai kyawun rubutu wanda ba ya iya karanta abin da hannunsa ya rubuta, domin zana shi ya yi.

3.4 Lokacin tara. Da an fita tara sai harshe ya saku. Wajen masu sayar da ƙosai da masa da ƙuli-ƙuli da rake, yaron da ya kasa lissafin ragewa a allo shi ne zai ba da naira ɗari, ya sayi na saba'in, ya tsaya sai an ba shi canjin talatin. 'Yan mata suna 'yar gala-gala da carafke, suna ƙirga. Maza suna langa da ƙwallo, suna gardamar doka. Duk da Sakkwatanci ake yi. Watau dai ba basira yaron ya rasa a aji ba, kafar fito da ita ya rasa.

3.5 Bayan tashi. Da azahar an tashi, ran Jumma'a kuwa da wuri. A watannin bazara, musamman Afrilu, zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, saboda haka darussan ƙarshe sukan zo wa yara a gajiye. Daga nan sai aike ko talla ko Islamiyya. Ingilishin da aka ji da safe ba a sake jinsa sai gobe.

4.0 Sakkwatanci da Daidaitacciyar Hausa

Akwai wata matsala da masu tsara manufa ba su cika kula da ita ba. Idan aka ce a koyar da yaro da harshensa, aka miƙa masa littafin Hausa, to ba daidai abin da ke bakinsa aka ba shi ba. Daidaitacciyar Hausa, wadda ta kafu ta hanyar ayyukan Hukumar Talifi ta Zariya cikin shekarun 1930, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, ta fi jingina ga Kananci. Ga kaɗan daga cikin bambance-bambancen da ɗan Gidan Dare yake karo da su:

(a) Furuci: yana cewa tahi, hwari, halshe, biyat, zamna, littafi yana cewa tafi, fari, harshe, biyar, zauna.

(b) Lamirin lokaci: yana cewa munka, sunka, anka, shina, littafi yana cewa muka, suka, aka, yana.

(c) Nuni da mallaka da dirka: yana cewa wanga, wagga, gidanai, Audu na, littafi yana cewa wannan, gidansa, Audu ne.

Ga babba waɗannan ba kome ba ne, domin rediyo da cuɗanya sun saba masa da duka biyu. Ga mai koyon haɗa sauti da harafi kuwa, babban abu ne. Yaron da ya ji malami ya ce a rubuta sunan adadi 5, ya rubuta biyat, ya nuna cewa ya gane asirin rubutu sarai, gama ya rubuta abin da yake furtawa. Idan aka ja masa jan biro ba tare da bayani ba, darasin da zai ɗauka shi ne kunnensa ba abin dogara ba ne, sai ya koma ga kwafa da hadda. Idan kuwa aka ce masa, "Ka yi daidai, haka muke faɗi, a littafi kuma ga yadda ake rubutawa," to an ƙara masa sani ba a rage masa kome ba.

5.0 Manufofin gwamnati

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na jama'ar wurin, daga baya a koma Ingilishi. Bugunta na baya suka ƙayyade shekaru uku na farko. Tun kafin wannan, rahoton UNESCO na 1953 ya goyi bayan farawa da harshen uwa. A Ile-Ife kuma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Ingilishi yana matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba. A Jihar Sakkwato, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2015, sa'an nan wani shiri da hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa a Sakkwato da Bauci ya samar da littattafan Mu Karanta! domin aji ɗaya zuwa uku.

A Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har shekara shida. A Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe, bisa hujjar faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Damuwar tana da tushe, domin da Ingilishi ake jarrabawar da ke buɗe ƙofar sakandare da jami'a da aiki, iyaye ma sun san haka. Sai dai muna ganin da wuya a ɗora laifi a kan manufar da ba ta wuce shekara uku ba, alhali yaran da aka fara da su ba su ko gama firamare ba. Abin da muka bayyana a sashe na uku kuwa ba koyarwa da Hausa ba ce tsantsa, ba kuma da Ingilishi ba. Gauraye ne marar tsari, wanda aka bar wa malami shi kaɗai.

6.0 Kammalawa

Kowace manufa ke ci, yaron da zai shigo aji gobe da Sakkwatanci zai shigo. Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, a riƙi darasin Hausa a ƙananan azuzuwa a matsayin wurin koyon karatu kansa, a ba shi lokaci kullum, a kuma riƙa sa yara karatu ɗaya bayan ɗaya, ba amshi kawai ba. Ta biyu, cibiyoyin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su koya wa ɗalibansu bambancin Sakkwatanci da Daidaitacciyar Hausa, domin malami ya rarrabe kuskure da karin harshe. Ta uku, a koyar da Ingilishi da baki tukuna, ji da magana, kafin a ɗora wa yaro rubutunsa, malami kuma ya san lokacin da zai juya Hausa da dalilin juyawar.

Aikin da ya rage a kanmu, mu malaman harshe, shi ne tsara ɗan littafin jagora mai jera waɗannan bambance-bambance tare da misalan darasi, wanda malamin aji ɗaya zai iya riƙewa a hannu. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna yadda za a fara shi.