Yadda Ake Yi Wa Roba Zanen Fata

Gaban motar zamani, wato dashbod, kamar fata yake a ido da hannu, amma galibi roba ce. Mazubin nikel ne ke ba ta wannan kama.

Da farko akan lulluɓe samfuri da fatar gaske, a kwafi zanenta, sannan a tsoma kwafin cikin tankin ruwan gishirin nikel a sakar masa lantarki. Ƙarfen yana taruwa a kai kaɗan-kaɗan, makonni ana jira, har ya zama ɓawo mai kaurin 'yan milimita, wato mazubin. Moritz von Jacobi ne ya gano wannan dabara ta kwafar zane da ƙarfe ta hanyar lantarki a Rasha a 1838. Akwai kuma masu yin ɓawon da wata iska mai ɗauke da nikel da Ludwig Mond ya gano a 1890, wadda ta fi sauri, sai dai guba ce mai kisa.

Darajar ɓawon ita ce ba ya barin komai: ramin gashi, ɗinki, har tabo, duk sai ya kwaso. Saboda rashin kauri, yana saurin ɗaukar zafi da hucewa. Akan gasa shi ya haura digiri 200, a zuba garin roba, a juya, ya narke ya manne, a ɓare. Yawan gasawa da sanyayawa ne ke tsaga shi a ƙarshe.