3.2 Matsayin Magudanar Ruwa a Aikin Share Fili da Haƙa Harsashi

A wannan sashe za a yi bayanin dalilin da ya sa ake gabatar da aikin magudanar ruwa kafin a ɗora gini ko a shimfiɗa kwalta. Idan ruwa ya kwanta a ƙarƙashin harsashi, ƙasa takan yi laushi ta zauna, daga nan sai bango ya tsage, titi kuma ya farfashe.

Birnin Kano misali ne mai kyau. A da, kududdufan da aka haƙa don samun ƙasar gini su ne ke tara ruwan damina, ragowar kuma ta bi rafin Jakara zuwa madatsar ruwa ta Wasai. Da aka cike yawancinsu aka yi gidaje a kai, sai ruwan ya rasa mazauni, musamman a watan Agusta da ake yin marka.

Saboda haka wajibi ne ɗan kwangila ya fara auna gangaren filin, sannan ya soma haƙa lambatu daga mafitar ruwa ya yi sama, domin kada ruwa ya taru a ramin yayin aiki. Bayan an yi ciko da burji an daɓe shi hawa-hawa, sai a zuba kankare bisa ma'aunin 1:2:4, wato siminti, yashi da tsakuwa. Akan ɗauki kwana 28 a matsayin lokacin da kankare ke kai ƙarfin da aka ƙayyade masa. Sashe na gaba zai duba girman kwalbati.