Auren Baƙo da Dokar Zama a Nijeriya

Kafin zuwan Turawa, auratayya tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, ba a ɗauke ta auren baƙo ba. Waliyyi ya bayar, a biya sadaki, shaidu su shaida, a kai amarya ɗakinta, shi ke nan. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906 su ne suka ja layi a tsakiyar ƙasar Hausa, har ya zamanto yarinyar da aka ɗauko daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, tafiyar da ba ta kai yini guda a ƙasa ba, baƙuwa ce a idon hukuma. A wurin hukuma kuwa, ɗaurin aure daban, izinin zama daban.

Maganar shigowa ita ce mai sauƙi. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba, su zauna har kwana 90, muddin suna riƙe da fasfo ko makamancinsa. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma a lokacin ƙungiyar ta umarci ƙasashenta da su ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku suna kai da kawowa har sai an sake shawara. Wanda kuwa ya auro daga Sudan ko Masar ko Ingila, tilas a nemar wa matar biza kafin ta taso. To, amma fa kwana 90 ko bizar ziyara ba zama ba ne. Wanda ya zo zama sai ya nemi takardar izini daga Hukumar Shige da Fice, bisa dokar 2015.

A nan ne Bahaushe yakan yi tuntuɓe, domin abin da ma'aikaci zai fara tambaya shi ne takardar aure. Auren Musulunci karɓaɓɓe ne a dokar Nijeriya, sai dai akasarinsa a zaure ake ɗaura shi, shaidarsa tana bakin mutane. Saboda haka akan koma kotun shari'a ko ƙaramar hukuma a nemi shaida a rubuce. Waɗansu, don neman sauƙi a ofishin jakadanci, sukan zarce ofishin rajistar aure, inda ake kafa sanarwa ta kwana 21 kafin a ɗaura. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, auren rajista na mace ɗaya ne tak. Wanda ya sa hannu a kansa, sa'an nan ya ƙaro wata alhali na farkon yana nan, ya aikata laifi a ƙarƙashin wannan doka, ko da kuwa addininsa ya halatta masa.

Tsarin Mulki na 1999 ya buɗe wa baƙuwar mata ƙofa biyu. Sashe na 26 ya ce macen da take auren ɗan Nijeriya, ko ta taɓa aurensa, tana iya neman a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa, idan Shugaban Ƙasa ya gamsu da halinta da niyyarta ta zama a ƙasar, kuma ta yi rantsuwar biyayya. Watau mutuwar miji ko ta aure ba ta rufe wannan ƙofa. In kuwa ba ta son zama 'yar Nijeriya, sashe na 32 ya ba da damar a ba ta matsayi na musamman mai cikakken izinin zama.

Mijin da yake baƙo bai sami wannan gata duka ba. Izinin zama na sashe na 32 ya haɗa da shi, amma na 26 mace kaɗai ya ambata. Idan Bamaraɗe ya auri Bakatsiniya, yana kuma son zama ɗan ƙasa, sai ya bi doguwar hanyar sashe na 27 kamar kowane baƙo: zaman shekara 15, da shaidar gwamnan jiha cewa mutanen wurin sun karɓe shi ya kuma saje da su. Tushen wannan bambanci ba ɓoyayye ba ne, watau zaton cewa kullum mace ce take bin miji garinsu. Zaton kuwa bai dace da abin da ake gani a kasuwannin Jibiya da Maigatari ba, inda fatake da yawa suka yi aure suka kafa gida a garin surukansu. A watan Maris na 2022 an kawo ƙudurin gyara wannan sashe a Majalisar Tarayya, bai sami ƙuri'un da ake bukata ba. Ita kuwa Nijar tun 2014 ta gyara dokarta, mace ta sami ikon jawo wa mijinta zama ɗan ƙasa.

Game da 'ya'ya, sashe na 25 bai bambanta uwa da uba ba: ɗayansu ya zama ɗan Nijeriya, ɗan da aka haifa ɗan ƙasa ne, a gida aka haife shi ko a waje. Duk da haka asali yakan zama makami a hannun abokan hamayya. A 1980 gwamnatin tarayya ta kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, zuwa Chadi, bisa da'awar cewa mahaifinsa mutumin can ne. Sai da aka je Babbar Kotun Maiduguri, ta yanke hukunci cewa ɗan Nijeriya ne, ta kuma soke korar.