Bayan Tiyatar Dajin Hanji: Abin da Jini Ke Ɓoyewa

"Likita, an cire shi duka?" Wannan ce tambayar farko da dangi kan yi idan aka fito da majinyaci daga ɗakin tiyata. Likitan fiɗa na iya cewa e, kuma bai yi ƙarya ba, domin ya yanke duk ƙarin da idonsa ya gani a babban hanji ko dubura. Amma ciwon daji bai tsaya ga abin da ido ke gani ba. Mutumin Giyawa, Goronyo, Wurno ko Rabah da aka yi wa aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya dace shi da iyalinsa su san abin da ke sa wani ya warke sarai, wani kuma ciwon ya dawo masa bayan shekara ɗaya ko biyu.

Tun kafin a kai ga tiyata, wasu ƙwayoyin dajin kan ɓalle daga jikin ƙarin su faɗa cikin jini. Wani likita a Ostareliya, Thomas Ashworth, shi ya fara ganinsu a 1869 cikin jinin wani mutum da daji ya kashe. Mafi yawansu mutuwa suke yi a hanya, garkuwar jiki na gamawa da su. 'Yan kaɗan ke tsira su sami wurin zama. Da yake jinin da ya baro hanji ta hanta yake fara bi, can dajin hanji ya fi yawan sake tsirowa, sai kuma huhu. Manomin gero zai fahimci wannan da sauri: ko ya tuge wuta-wuta kakaf daga gonarsa, irinta da ido ba ya gani na nan kwance a ƙasa yana jiran damina.

Gano waɗannan ƙwayoyi jan aiki ne, domin 'yan ƙalilan ne a tsakanin biliyoyin ƙwayoyin jini. A 2007 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar CellSearch don ƙirga su a jinin masu dajin hanji da ya riga ya bazu. Jini mililita 7.5 ake ɗiba, wato cokalin shayi ɗaya da rabi. Wani bincike da aka wallafa a 2008 a kan majinyata 430 ya nuna cewa masu ƙwayoyi uku ko fiye a wannan ɗan jinin, tsaka-tsakin rayuwarsu wata 9.4 ne, masu ƙasa da uku kuwa wata 18.5. Daga baya masana suka juya ga waɗanda aka yi wa tiyata da nufin warkarwa, suka kuma lura cewa wanda ƙwayoyin suka ci gaba da yawo a jininsa bayan aiki ya fi fuskantar dawowar ciwon.

Yanzu hankalin masu bincike ya fi karkata ga wata hanya mai kaifi, wato neman ɓurɓushin DNA da ƙwayoyin dajin ke zubarwa cikin jini. A 2022 Farfesa Jeanne Tie da abokan aikinta a Ostareliya sun fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 455 masu dajin babban hanji a mataki na biyu, wato wanda bai kai ga kaluluwa ba. An raba su rukuni biyu: a rukunin da aka bar gwajin jini ya yi jagora, kashi 15 cikin ɗari kawai aka bai wa maganin kemo mai kashe ƙwayoyin daji, maimakon kashi 28 a ɗaya rukunin da aka bi hanyar da aka saba. Duk da haka, bayan shekara biyu, waɗanda ciwon bai dawo musu ba sun kai kashi 93.5 a rukunin farko da 92.4 a na biyu. Ke nan an hutar da mutane da yawa daga wahalar magani ba tare da an jefa su cikin haɗari ba.

Irin waɗannan gwaje-gwaje na da tsada, kuma ko a ƙasashe masu arziki ba su maye gurbin hanyoyin da aka saba ba. Rashin ganin ƙwayar daji a jini ma ba shaidar warkewa ba ce. Amma darasin da suka koyar ya shafi kowa: sallama daga asibiti rabin tafiya ce.

Ga abin da ke hannun majinyacinmu. Na farko, a koma a karɓi sakamakon binciken naman da aka cire. Shi ke bayyana zurfin da ƙarin ya ci a bangon hanji, da ko ya kai ga kaluluwar da ke kewaye, wadda ake son a duba aƙalla guda 12. Na biyu, idan kaluluwar ta kamu, wato mataki na uku, akan ba da kemo na wata uku zuwa shida, kuma an fi so a fara cikin mako shida zuwa takwas bayan aiki. Aikinsa shi ne farautar ƙwayoyin da wuƙar likita ba ta kai gare su ba, don haka jin sauƙi ba hujjar yanke shi ba ce. Na uku, a riƙa gwajin jini na CEA, mai nuna alamar dawowar ciwon, duk wata uku zuwa shida, da hoton ciki da ƙirji, da duba hanji da na'ura mai kyamara bayan shekara guda. Mafi yawan dawowar ciwon cikin shekaru uku na farko take faruwa, shi ya sa ake bibiya har shekara biyar. Idan aka kama shi yana ƙarami a hanta, akan iya sake yanke shi.

Babbar matsalarmu dai ita ce makara. Binciken likitocin Ile-Ife ya nuna cewa masu wannan ciwo a Najeriya sun fi na Amurka ƙarancin shekaru, kuma da yawansu ba sa zuwa sai ya yi nisa. A ƙauyukanmu, jini a bayan gida sunansa basir ko atini, sai a yi watanni ana shan jiƙe-jiƙe. Duk wanda ya ga jinin ya ƙi tsayawa, ko bahayarsa ta sauya tsawon makonni, ko yana ramewa da ƙarancin jini ba dalili, ya garzaya asibitin Goronyo ko mafi kusa, ya nemi a duba shi, a tura shi Sakkwato in da buƙata. Dangi kuma, lokacin da ake haɗa kuɗin tiyata, a ware na mota da na gwajin da za su biyo baya.