'Yar Mai Ganye da Masu Neman Haihuwa a Kakuri

A kasuwar Monday ta Kakuri, da kasuwar Sabon Tasha, akwai rumfunan da ba a cinkoso a gabansu amma ba sa rabo da mai saye. Buhunan sassaƙe ne a jingine, da damman saiwoyi, da ƙullin ganye a rataye, sai ƙanshin kanumfari da kimba da ke tarbar mutum tun daga nesa. Mai rumfar yawanci dattijuwa ce, ana ce mata Inna ko Iya, sunan sana'arta kuma 'yar mai ganye. Tana sayar da maganin shawara da na basir da daurin jarirai a fili, kowa na ji. Akwai kuma cinikin da ake yi da murya ƙasa-ƙasa, bayan mai saye ta waiga ta tabbata ba wanda ya san ta a kusa. Wannan shi ne cinikin maganin haihuwa.

Aikin daga daji yake farawa. Masu shiga daji, yawancinsu maharba da manoman ƙauye, su ke sassaƙo marke da maɗaci da ƙirya, su haƙo saiwar tafashiya da ta gwandar daji, su yanko sabara da kalgo. Wanda ya gaji aikin ba ya kewaye itace da gatari. Yakan ɗauki ɓawo ta gabas, ya ɗauka ta yamma, ya bar sauran domin itacen ya warke, ya dawo ya same shi baɗi. Saiwa ma ɓangare ake yanka a mayar da ƙasa. A da, dazuzzukan Chikun da Kajuru da Kachia da Birnin Gwari su ke ciyar da rumfunan kudancin Kaduna. Yanzu 'yan bindiga sun hana shiga da yawa daga cikinsu, inda ake iya shiga kuma masu gawayi sun riga kowa, ƙirya ce ma suka fi so. Sai ga 'yar mai ganye tana sayen abin da uwarta ke samu a bayan gari, tana biyan kuɗin mota wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. A shekarar ce kuma cuta ta cinye gonakin citta a Kachia da kewaye, citta ta yi tsadar da ba a saba gani ba. Kanwa ungurnu daga arewa maso gabas take zuwa, hulɓa da habbatus sauda da kanumfari kuwa sari ake yowa daga manyan kasuwanni irin Kurmi ta Kano.

In kaya suka iso gida, nan ƙwarewa take bayyana. Za ta zauna a tsakar gida ta zazzage buhu a tabarma, ta riƙa ɗaukar ɓawo ɗaya-ɗaya tana karyawa, ta duba launin cikinsa, ta sansana, wani ma ta ɗan taɓa a harshe, domin masu kawowa sukan cusa ɓawon wani itace don buhu ya cika. Ta kankare bayan sassaƙe da wuƙa, ta wanke saiwa ta faskara ta ƙanana. Ganye a inuwa ake shanya shi don kada rana ta ƙone shi, ɓawo kuwa yana son rana. Da damina, a garin da ruwa ke kwana yana zuba kamar Kaduna, fumfuna na iya cinye jarin wata guda cikin mako. Abin da ya bushe sai turmi da taɓarya, sai rariya, a tankaɗe a sake dakan tsakin. Wasu kan kai inji, amma mai inji yana ƙara kuɗi saboda ɗacin da ke kama garin wanda zai biyo baya. Daga nan ake rabawa: gari na sha a kunu ko nono, jiƙo na gora, tsimi da ake dafawa da rake da kayan yaji, bagaruwa ta zama a ruwan ɗumi, da na hayaƙi.

Ƙulli ɗaya bai wuce 'yan ɗaruruwan naira ba, cikakken haɗi na wata guda yakan kai 'yan dubbai. In aka cire sari da mota da leda da gora da kuɗin rumfa da na masu karɓar haraji, abin da ya rage na cefane ne da kuɗin makarantar jikoki. A unguwannin da masaƙu suka durƙushe, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, bashi ma ciniki ne. Ribar da masu sana'ar suka fi ba da labari ita ce ta ranar suna, sa'ad da wadda ta daɗe tana zuwa ta aiko da goro da turmin atamfa.

Abin da ya fi girmama wannan sana'a a idona shi ne sauraro. Matar da ta shekara biyar ba ta ko yi ɓari ba, uwar miji ta fara habaici, dangi sun fara zancen ƙarin aure, wasu har sun ce mata juya, ba ta da inda za ta zauna ta faɗi komai sai wannan benci. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Inna za ta tambaye ta yadda al'adarta ke zuwa, ko tana da ƙaiƙayi da fitar ruwa, ko mara na ciwo, ko ta taɓa haihuwa ta tsaya. Musulma da Kirista duk suna zuwa, dukansu kuma sun san labarin Annabi Zakariya da ya samu ɗa bayan tsufa, sai ta tuna musu.

Sai dai sauraro da addu'a ba su hana a faɗi iyakar ganye ba, kuma 'yar mai ganye ta gaskiya ta san iyakar nan. Likitoci suna kiran abu rashin haihuwa idan ma'aurata suka shekara guda suna tare, ba tsarin iyali, ciki bai shiga ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar hakan a rayuwarsa. A wajen mata a ƙasashenmu, babban dalili shi ne toshewar hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sakamakon ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da wuri ba, ko cutar da ta shiga bayan ɓari ko haihuwa a wuri marar tsafta. Akwai ƙari a cikin mahaifa, akwai rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita, akwai tsargiya ga waɗanda suka tashi a bakin rafi. Hanyar da ta yi tabo ta toshe, babu jiƙon da zai buɗe ta. Hoton mahaifa da ake ɗauka bayan an zuba ruwa mai launi shi ke nuna toshewar, maganinta kuma tiyata ne ko dashen ƙwai, wanda aka fara haihuwa ta hanyarsa a Ingila a 1978, ake kuma yin sa a Nijeriya yau a kan miliyoyin naira. Wasu matsalolin kuwa sauƙi gare su: ƙwayoyin kashe cuta da mata da miji za su sha tare, ko maganin da ke sa ƙwai ya fita, ko sanin cewa ƙwai kan fita ne wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba.

Akwai ma inda ganye ke cutarwa. Saiwar sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna, guba ce in aka wuce ƙima. Matsin da ake haɗawa da kanwa ko gishiri yana ƙona gaban mace ya bar tabo, likitocin mata sun sha ganin wadda ta je neman haihuwa ta dawo da ciwon da ba ta da shi. Dattawan sana'ar suna ƙin sayar da irin wannan, kuma su ne suka fi kowa jin haushin masu yawo da mota da lasifika, masu cewa kwalba ɗaya na maganin cuta arba'in. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba ma alama ce cewa an duba ba ya cutarwa, ba shaidar cewa yana sa haihuwa ba ce. Babbar asarar kuma lokaci ne, domin ƙwan mace na raguwa sosai bayan shekara 35, wadda ta kai haka wata shida kawai ya kamata ta jira kafin ta ga likita.

Tambayar da na fi so in ji 'yar mai ganye ta yi ita ce, "Maigidan fa, an duba shi?" A kusan rabin ma'auratan da ke wannan hali, akwai matsala ta ɓangaren namiji: ƙarancin ƙwayoyin maniyyi ko rauninsu, saboda tsohon ciwon sanyi, ko hangum da ya sauka a maraina bayan balaga, ko kumburin jijiyoyin maraina, ko taba da ƙwaya. Ƙarfin namiji a shimfiɗa ba ya nuna lafiyar ƙwayoyinsa, maganin ƙarfin maza kuma ba ya gyara su. Gwajin namiji ya fi duk na mace sauƙi da arha: ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a kwalba, a duba cikin awa guda.

Saboda haka maganata ga magidanta ce. Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard duk a Kakuri suke, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko kuma gada kawai za a tsallaka. Malam, kafin ka sake ba ta kuɗin jiƙo, kafin ka saurari masu cewa ka ƙara aure, ka ɗauke ta ku je tare, a fara da kai.