Haruffa ukun da ke kayar da yara a Tibiri

A ajin CE1 na makarantun Tibiri, kamar sauran ƙasar Arewa, wuri ɗaya yara ke tuntuɓe duk shekara. Mushe, wato malami, ya rubuta "ils parlent" a allo, yaro ya miƙe ya raba aikatau ɗin gida biyu, par-lent, ya karanta "parlan". Ba shi da laifi. Tun daga ajin CI aka ce masa ya haɗa baƙi da wasali ya furta abin da ya gani, kuma "lent" ɗin ita kaɗai kalma ce da ake furtawa "lan".

Amma a baki gaɓa ɗaya ce tak: "parl". Haruffan e, n da t ba su da murya. Gado ne daga Latin, inda ake furta -nt na jam'i. Bakin Faransawa ya yar da shi tuntuni, alƙalami ya riƙe.

Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, don haka harshen yaro wasali yake nema bayan "rl", rubutun kuma ya miƙa masa. Ga wani nauyin: mu wakilin suna ke gaya mana tilo ko jam'i, "ya tafi", "sun tafi". A Faransanci kuwa "il parle" da "ils parlent" sauti ɗaya ne, kunne ba ya raba su, shi ya sa ranar dikte jan biro ke cika takarda. A irin wannan aikatau, sai in ya fara da wasali jam'in ke fitowa: "il aime" i-lem, "ils aiment" il-zem. Nan gaɓar ma ta tsallake iyakar kalma. Kuma "président" ta cikin "le président" gaɓa uku ce, ta cikin "ils président" ma uku a rubuce, amma "prezid" ake ji.

Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci kuma harshen aiki, don haka yaran nan ba su rabu da "-ent" ba. Ni dai a ganina, malami ya gaya musu da Hausa, ƙarara, cewa gaɓar rubutu daban, ta baki daban. A tafa hannu a ƙirga ta baki tukuna, sannan a rubuta haruffan da ba a furtawa da alli mai launi.